Me za mu kira wannan mashin ɗin da Hausa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, a agaza mini kafin gobe. Ƙarfe 4 zan gabatar da shirin sana'o'i a rediyo. Baƙona wani bakanike ne a unguwar Dutsen Tanshi, Bauchi, da ke tayar da mashin ɗin da ya gada wajen baffansa, Yamaha TY175, ƙirar shekarun 1970. Ya kankare tsatsar tanki, ya wanke kafireta, har mashin ya tashi yana shuɗin hayaƙi, don irin injin nan ne mai ƙona baƙin mai tare da fetur. Ringin fistan kawai yake jira. Turawa na ce wa irinsa tirayal. Ni me zan ce wa masu saurare?

Sagir Yelwa: Babur ɗin gwaji.

Malam Bala: A'a Sagir. Mai saurare zai ɗauka wanda ake ba mai saye ya ɗana ne kafin ya biya.

Sagir Yelwa: To na tsere.

Injiniya: Ba gudu ake yi da shi ba. Sannu a hankali ake bi da shi kan duwatsu, da kwazazzabo, da gungumen itace, mahayi a tsaye, shi ya sa kujerarsa 'yar mitsitsiya ce. Ana rage iskar taya don ta kama dutse. Alƙali yana tsaye yana kallon ƙafarka: ka taka ƙasa sau ɗaya, maki 1 a kanka, ka faɗi, maki 5. Mai ƙarancin maki shi ya ci. A Sikotilan akwai gasar kwana 6 da aka fara tun 1909. Ita kanta TY ɗin, wani zakaran wasan ɗan Ingila, Mick Andrews, shi ya taya Yamaha tsara ta. Ni dai babur ɗin hawan dutse zan ce.

Baba Ɗanladi: Ku dakata. Wasan da ake kayar da mutum don ya sauke ƙafa ai muna da shi tun kaka da kakanni. Langa ke nan. Ki ce langar babur, 'yata, shi kuma mashin ɗin ɗan langa. Duk wanda ya tashi a ƙauye zai gane nan take.

Malam Bala: Baba, a langa ana ture juna. Nan kowa shi kaɗai yake shiga.

Baba Ɗanladi: A ƙwallon kwando da ake cewa, kwandon saƙa ka gani? Suna ai kama yake yi, ba ya zama kwabo da kwabo. Ɗan langa!

Abu Fatima: Ni abin da ke ba ni takaici, kullum sai mun raɓu da mashin da tirayal. Ina dokin ƙarfe? A ce dokin ƙarfen dutse, Hausa tsantsa.

Sagir Yelwa: Malam, dokin ƙarfe ai keke ne. Kuma je ka kasuwar Muda Lawal ka ce a kira maka mai dokin ƙarfe, ka ga ko ɗan acaɓa zai waiwayo.

Abu Fatima: Da wannan rainin ne harshe ke mutuwa. Kamata ya yi a tura wa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero su yanke.

Baba Ɗanladi: Wato sai Kano ta sa hannu kafin mu raɗa wa namu suna? Duwatsun ma a ina suke? Zo ka ga na Dass, ka ga Zaranda.

Abu Fatima: Baba, da girmanka, daidaitacciyar Hausa ba a kan Bausanci aka gina ta ba.

Sagir Yelwa: An fara. Yanzu za a ce ba mu bambance mace da namiji a magana.

Maman Ilham: Don Allah ku bar Kano ta huta, rubutun nan zan miƙa da safe. Na kira bakaniken. Ya ce baffansa mai hawa dutse kawai yake ce masa, yaran gareji kuma suna kiransa ba-kujera.

Injiniya: Kin gani. Mai abu ya riga mu.

Maman Ilham: To ga yadda zan yi: babur ɗin hawan dutse a gabatarwa, in ambaci tirayal sau ɗaya don masu son nema a intanet. In na zo bayanin maki sai in ce kamar langa. Baba, a yi haƙuri da wannan.

Baba Ɗanladi: Kamar langa daban, ɗan langa daban. Amma je ki, Allah Ya ba da sa'a. In an buɗe layin waya zan kira in faɗi nawa.

Abu Fatima: Ni ban amince ba, a rubuta.

Sagir Yelwa: Anti, ki tambaye shi ko ringin wani mashin zai shiga, akwai tsohon Yamaha DT a garejin yayana.