Taƙaitawa: motsa jiki ga mai aiki a Damagaram

Salamu alaikum ƴan uwa, maganar da aka yi kan yadda mai aiki zai riƙa motsa jiki ta yi tsawo sosai, ga abin da na tattaro daga bakin jama'a.

1. Kusan kowa ya yarda bayan sallar asuba ne lokacin da ya fi, kafin rana ta buɗe, dan in zafin Afrilu da Mayu ya shigo ba mai iya gudu da yamma bayan ya taso daga biro a gajiye.

2. Ma'aunin da aka yi ta maimaitawa shi ne na hukumar lafiya ta duniya OMS, minti 150 a sati, wato minti 30 sau 5. Wanda bai da 30 a jere ya raba, 10 da safe 20 da dare.

3. Aje moto wani lokaci. Daga unguwar Birni zuwa kasuwar Dole a tafi a ƙasa maimakon hawa kabu-kabu, ni wannan ta fi kwanta min a rai wallahi tunda ba ta cin ko dala.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce a haɗa ƙungiya da ƴan fada, wato abokan zaman hira, a riƙa buga ƙwallo Asabar da Lahadi, wasu suka ce jiran abokai ne ke kashe niyya, gara mutum shi kaɗai. Mata da yawa sun zaɓi tsallen igiya cikin gida ko tafiya rukuni a unguwa.

5. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likita tukuna. Lokacin ƙurar hunturu kuma masu asma su yi a ɗaki.