Gadar Shushtar: ginin Rumawa ce ko ta Farisawa?

Injiniya: Har yanzu ina kan bakana cewa Band-e Kaisar, gadar nan mai haɗe da madatsar ruwa a kan kogin Karun a garin Shushtar, ginin Rumawa ce ko da yake a ƙasar Iran take. Sunan ma shaida ne, domin ma'anarsa madatsar Kaisar. Sarkin Farisa Shapur na Farko ya kama Sarkin Rum Baleriyan a yaƙin Edessa a shekara ta 260, kuma sojojin da ya kwaso su aka sa aikin. A duba bakunanta masu siffar rabin da'ira, da duwatsun da aka ɗaure da ƙarfe, duk hannun Rumawa ne.

Malam: Injiniya, ban musa batun fursunonin ba, tunda malaman tarihi Ɗabari da Mas'udi sun kawo labarin. Amma wane ne ya zaɓi wurin, ya ciyar da magina, ya san gonakin da ruwan zai shayar? Gadar mai tsawon kusan mita 500 ɓangare ce ta tsarin ban ruwan Shushtar, tare da magudanar Gargar da injinan niƙa masu aiki da ruwa, kuma tsarin gaba ɗayansa UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2009.

Injiniya: Malam, mai kuɗin gini daban, magini daban, ni kuwa fasahar nake magana a kai.

Hajiya: To Injiniya, in da asalin mutum za a bi, sai mu miƙa wa ƙasar Jojiya gadar Si-o-se-pol ta Isfahan mai bakuna 33, domin Allahverdi Khan, wanda ya jagoranci ginata a zamanin Shah Abbas na Farko, ɗan asalin can ne. Ban taɓa jin wanda ya yi wannan iƙirarin ba.

Injiniya: Hajiya, shi kwamandan soja ne mai sa ido, ba da hannunsa ya ɗora tubali ba, don haka misalin bai hau ba.

Malam: Wannan na yarda da kai. Sai dai haɗa gada da madatsa a hannun Farisawa ya bunƙasa, har ya kai ga gadar Khaju ta Isfahan wajen 1650, mai ƙofofin tare ruwan kogin Zayande Rud. Ita kuma ta Shushtar, su suka yi ta gyara ta fiye da shekara 1500, har ambaliya ta karya tsakiyarta a ƙarshen ƙarni na 19.