Allurar da ake yi kafin hoton CT, akwai haɗari ga mai raunin garkuwar jiki?

'Yar Gyaɗi-gyaɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani ku taimaka min. Yayana ne yake da cuta mai karya garkuwar jiki, ya yi wajen shekara ba ya shan maganinsa, yanzu sati biyu kenan ciwon kai ya ƙi sauka, hannunsa na hagu ya saki, shekaranjiya har jijjiga ya yi. CD4 ɗinsa, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jiki a jininsa, 60 ne. Likita ya ce a yi CT na kai da allurar kontras, wato ruwan da ake sawa ta jijiya don hoton ya fito sosai, sai maƙwabciyarmu ta ce wai ruwan yana kashe ƙoda kuma zai sa masa wata cutar tunda jikin ba ƙarfi, wallahi Umma ta ce ba za a yi ba.

Mai ɗaukar hoto:
Wa alaikumussalam, Allah ya ba shi lafiya. 'Yar uwa ki lallashi Umma. Ruwan na aidin ne, a rufe yake zuwa, babu ƙwayar cuta a cikinsa. Idan CD4 ya yi ƙasa da 100 abin da likita yake tsoro shi ne toksoplasma, wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, ko kuma tarin TB da ya hau ƙwaƙwalwa, to in an yi allurar sai wurin ya fito a hoto kamar zobe, in ba a yi ba wani lokacin kumburi kawai za a gani. Maganar ƙoda kuma akwai ƙamshin gaskiya, shi ya sa ake gwajin jini na kiretinin tukunna don a ga lafiyar ƙoda, in eGFR, wato ma'aunin aikin ƙodar, ya gaza 30 a nan ne ake taka tsantsan.

Baban Walida:
An yi wa mahaifiyata bara. Ta ce ɗumi ta ji ya ratsa ta har ta ɗauka fitsari ta yi, bakinta da ɗanɗanon ƙarfe, minti kaɗan ya wuce.

Nas daga Zinder:
Ku gaya wa masu ɗaukar hoton in yana da asma ko allurar ta taɓa tayar masa da borin jini, da duk maganin da yake sha. Kuma don Allah kar ya koma kan ARV, wato maganin cutar da ya daina sha, da kansa yanzu, domin in sanƙarau na kiriptokokas ne (wata ƙwayar cuta ta fungas), sai an fara maganin sanƙarau ɗin an jira sati 4 zuwa 6 kafin a koma kan ARV.

'Yar Gyaɗi-gyaɗi:
Na gode, Allah ya saka. Na karanta wa Umma ta yarda, an ɗebi jinin ɗazu, gobe da safe za mu karɓo sakamako. Ku sa shi a addu'a.