Teburin farashi yana ture shafina gefe a kan waya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fama da abu ɗaya, na rasa yadda zan yi.

Ina haɗa wa wani mai sayar da kayan gini shafin intanet da HTML da CSS (harsunan rubuta shafi da tsara kamanninsa) zalla. A kwamfuta komai tsaf. Na raba shafin gida biyu da grid (tsarin CSS na jera abubuwa gida-gida), in faɗin tagar burauza ya yi ƙasa da fiksel 768 sai ya koma gida ɗaya, kuma wannan yana aiki. Matsalar teburin farashi ce, mai ginshiƙi shida. Da na matse tagar Chrome zuwa fiksel 360, sai teburin ya ƙi tsukewa, ya ja shafin gaba ɗaya zuwa dama. Rubutun sama ya yanke, sai mutum ya riƙa jan allo da yatsa kafin ya ga farashin siminti. Abin ya dame ni, don kusan duk masu sayensa da waya suke dubawa.

Layin viewport, mai sa shafi ya bi faɗin allon waya, yana nan daidai, hotuna kuma duk na ba su max-width: 100% don kada su wuce faɗin wurinsu. Na saka teburin cikin div (akwatin HTML) mai overflow-x: auto don ya riƙa zamewa gefe shi kaɗai, ko gezau. Da na ɗora overflow-x: hidden, mai ɓoye abin da ya wuce gefe, a kan babban div ɗin shafin, jan gefen ya tsaya, amma ginshiƙai biyu na ƙarshe suka ɓace, kan shafin da na yi wa position: sticky kuma ya daina mannewa a sama.

Don Allah, me zan gyara a grid ɗin don teburin kaɗai ya riƙa zamewa gefe, sauran shafin ya tsaya daidai faɗin waya? Na gode.