Wa ya taɓa sayar wa masu tara tsofaffin motoci mota mai buɗaɗɗen rufi a Amurka?

Baban Khalifa, Columbus: Assalamu alaikum. Ina da Ford Mustang ta 1966, mai rufin tamfol da ake naɗewa baya. Na same ta a ruɓe, na tashe ta da hannuna: walda, fenti, kushin, birki, sabon rufi. Yanzu kuɗin makarantar yara ya taso, dole in rabu da ita. Masu tayi sun zo, amma mafi tsoka a cikinsu bai kai kashi biyu cikin uku na abin da na kashe ba. Wanda ya taɓa irin wannan ciniki ya faɗa mini yadda nasa ya kaya.

Alhaji Mai Gareji, Detroit: Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Ka fara ajiye lissafin abin da ka kashe a gefe, don mai tara motoci ba wahalarka yake saye ba, asalin motar yake saye. Na sayar da ta 1965, kuma mutumin bai ko kalli fenti ba sai da ya buɗe bonet ya karanta lambar shasi a jikin ƙarfen da ke gefen inji. Taka za ta fara da 6, wato shekarar, sai harafin masana'anta, F idan ta Dearborn ce, sai 08 da ke nuna da buɗaɗɗen rufi aka ƙera ta. Harafi na biyar shi ne kuɗin: T silinda shida, C da A injin 289, K kuwa shi ne 289 mai ƙarfin doki 271, wanda ake rububi a kansa. Bayan nan ya duba farantin da ke jikin ƙofar direba ya ga ko launin da na shafa shi ne na masana'anta. Nawa ya dace, shi ya sa bai rage mini komai ba a nan. Ka kuma sani a 1966 kaɗai an ƙera sama da 72,000 masu buɗaɗɗen rufi, saboda haka mai saye yana da zaɓi. Kada ka fitar da ita cikin dusar ƙanƙara. Ni a Agusta na sami nawa mai sayen, lokacin Woodward Dream Cruise, bikin tsofaffin motoci da ake yi a yankin Detroit.

Baban Khalifa, Columbus: Alhaji, Allah ya saka. Tawa C ce, launi ma na asali ne. Inji ne dai ba nata ba, na wata 289 na ɗora.

Maman Hanifa, Houston: Ni Cadillac Eldorado ta 1976 maigidana ya bari, Allah ya jiƙansa. Ya sha faɗa mini cewa a wancan lokacin an tallata ta a matsayin mai buɗaɗɗen rufi ta ƙarshe da Amurka za ta ƙera, sai na ɗauka dukiya ce babba. Ashe 14,000 aka yi a shekarar, kuma mutane da yawa sun saya sun kulle a gareji suna jiran tsada, har yau akwai waɗanda ba su yi tafiyar kirki ba. A Bring a Trailer muka sa ta, shafin gwanjon motoci a intanet, gwanjon kwana bakwai. Abin da ya cece ni jakar takardun marigayi ce, don ko rasit ɗin canjin mai bai taɓa yarwa ba, ga hotunan kowane mataki na gyara. Tambayoyi suka yi ta zuwa: rufin yana hawa da sauka da kansa, akwai yoyon mai, a ɗauko hoton ƙasanta. Ɗana ya amsa kowace. Mun sa farashin da ba za mu sallama ƙasa da shi ba, kuma sai a mintunan ƙarshe aka wuce shi, domin duk tayin da ya shigo a lokacin yana ƙara minti biyu. Ranar da tirela ta zo ɗauka ban iya fitowa ba. Ka shirya wa wannan ma, Baban Khalifa.

Ɗan Maraɗi, Harrisburg: Hajiya, Allah ya jiƙan mai gida. Ni dai na fi son ido da ido. Garin Hershey na kusa da mu, kowace Oktoba ake cika a kasuwar tsofaffin motoci ta can. Pontiac GTO ta 1965 na kai. A shekarar GTO ƙari ce a kan LeMans, lambar shasi ba ta nuna ta, shi ya sa jabu suka yi yawa. Ba wanda ya yi mini tayin kirki sai da na nuna takardar Pontiac Historical Services, masu tabbatar da asalin mota daga bayanan masana'anta. Wani dattijo ya zo da tocila da maganaɗisu, yana bin bodi da shi, inda ya ƙi kamawa ya san foti ne. Kafin ya kai wurin na nuna masa da kaina inda na yanke tsatsa na yi walda. Addini ma bai yarda a ɓoye aibin haja ba. Ya rage kaɗan, na ce albarka, ya ƙara, na sallama.

Malam Bature, Bronx: Gargaɗi ɗaya. Wani ya aiko mini da cekin banki da ya haura kuɗin motar, wai in tura wa direban tirela ragowar. Na kai banki, na jabu ne. Kada mota ko takardar mallaka ta bar hannunka sai bankinka ya tabbatar kuɗi sun zauna.

Injiniya, Phoenix: Ban yarda asali ne kaɗai ke sayarwa ba. Duk Janairu ina zuwa gwanjon motoci na Barrett-Jackson a Scottsdale, kuma tsofaffin da aka sa wa sabon inji, birkin zamani da na'urar sanyi suna yin tsada sosai. Sai dai wannan wata kasuwa ce daban, kuma ga kuɗin shiga, la'ada da jigila. Mustang mai C ba lallai ta biya wannan ɗawainiya ba.

Alhaji Mai Gareji, Detroit: Baban Khalifa, batun inji kada ya dame ka da yawa. A waɗannan shekarun masu K ne ake buga wa lambar shasi a jikin inji, masu C ba a buga musu. Abin da za a duba shi ne lambar ranar da aka zuba ƙarfen injin, a ga ko ta zo kusa da ranar ƙera motar. Ka ɗauki hotonta, ka rubuta ƙarara cewa an canza inji. Sannan ka ɗaga motar ka ɗauki ƙasanta, musamman daɓen ciki da ƙarafunan da ke riƙe shi, don mai buɗaɗɗen rufi da su take tsayuwa, kuma duk wanda ya ji Ohio, jihar da kake, gishirin titi mai jawo tsatsa zai fara tunawa. Ka zuba ruwa a ragar da ke gaban gilashi ka ɗauki bidiyo a ga bai sauko kan kafet ba. Idan kuɗin makarantar za su iya jira zuwa Mayu, ka jira.