Naira 500 ta waya, ko hannu da hannu?

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun shekaranjiya da aka turo hoton yaron nan da ake nema wa kuɗin tiyata, tare da lambar asusu, Alhaji ya ce shi bai yarda da sadakar da ake turawa ta waya ga wanda ba a gani da ido ba, domin a ganinsa yawancinta a aljihun 'yan damfara take ƙarewa. Kafin mu taɓa asusun ƙungiya, ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani.

Alhaji: Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Bara na tura naira 5,000 ga wata mata da aka ce tana kwance ba ta da kowa, bayan wata uku sai ga hoton nan ya sake dawowa wayata, an canza sunan gari, an canza lambar asusu, zanen da ta lulluɓa da shi ma bai canza ba. Alhali a layinmu a Gangare, nan Jos, akwai tsohuwar da take riƙe da marayu huɗu, na san ƙofarta, na san ranar da ba ta ɗora tukunya. Wanda ya tsallake wannan ya tura wa baƙo, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ma'aikacin banki: Ranka ya daɗe, damfara akwai ta, amma ka tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo. Masu bara a bakin Babban Masallacin Juma'a sun ga tasku, ba don mutane sun daina tausayi ba, sai don babu abin miƙawa. Yau kuwa mai ƙaramar waya ma yana iya tura naira 200 da lambobin USSD. Kuma kafin ka danna, sunan mai asusun yana fitowa, ko a banki ne ko OPay ko Moniepoint, asusun kuma a haɗe yake da BVN ko NIN. Idan aka ce maras lafiyar mace ce, sunan wani ƙato ya fito, sai ka tambayi dalili.

Alhaji: Ɗana, ɓarawo ma yana da suna, kuma yana iya aron asusun ƙanwarsa.

Malamin Islamiyya: Ta fuskar lada, Alhaji, kuɗinka ba su faɗi ƙasa banza ba. A Bukhari akwai hadisin mutumin da ya fita da sadakarsa cikin dare ta faɗa hannun ɓarawo, aka kuma sanar da shi cewa an karɓa. Ƙanƙantarta ma ba aibi ba ne, tunda an ce mu kare kanmu daga wuta ko da da tsagin dabino. Sai dai Alhaji yana da gaskiya a kan na kusa, kuma zakka ba a yi mata wannan sakaci, dole a tabbatar mai karɓa yana cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata.

Hajiya, ma'aikaciyar jinya: Allah gafarta Malam, ni ba ladan mai bayarwa ne ya dame ni ba, shi wanda yake kwance nake dubawa. Na ga uba yana tsaye a bakin wurin biyan kuɗi da takarda a hannu, ya sayar da babur, har yanzu da saura, maƙwabtansa kuma duk irinsa ne. Irin wannan sadakar layi ɗaya ba za ta tashe shi ba. Amma mutum 200 in kowa ya tura naira 500, an haɗa 100,000 kafin magariba, ba wanda ya ji a jikinsa. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake ɗaukar hoton mace a kan gado, ciwonta a buɗe, a watsa a Facebook ba tare da an nemi izininta ba. Ta warke, hoton yana nan yana yawo, shi ne ma 'yan damfara suke kwashewa. Haka kuma masu turo hoton shaidar biya da sunansu ɓaro-ɓaro, ban san me ya rage wa hannun hagu da bai sani ba. Shawarata ita ce a tura mutum biyu su ga yaron, su karɓi takardar kuɗin da asibiti ya yanke, a biya a wurin, a kawo rasit.

Alhaji: To Hajiya, ai kin dawo kan maganata, sai an gani da ido.

Hajiya: Mutum biyu za su gani, Yaya, sauran su tura daga inda suke, har da 'yan uwanmu na Abuja da ba za su iya zuwa ba.

Alhaji: A sa ni cikin biyun. Gobe bayan azahar mu haɗu da Sakatare a Taminus, amma nawa a aljihu zan riƙo shi.