Kartar biyu-biyu: me ya fi ba ku wahala da farko?

Na Ringim: Salamu alaikum. Tunda aka gama girbin gero muka koma zaman gindin darbejiya bayan la'asar, sai wani yaronmu da ya zo hutu daga makaranta ya koya mana wata karta da Turawan Ingila suke kira whist. Ba kuɗi a ciki, kada wani ya ce caca muke. Mutum huɗu, abokinka yana zaune yana fuskantarka. Kati 52, kowa 13. Irin da na farko ya jefa, shi kowa zai bi in yana da shi, mai babba ya kwashe huɗun, shi kuma zai buɗe zagaye na gaba. Katin ƙarshe na mai raba katin ana buɗe shi, irinsa shi ne mai yanka, wato irin da ke doke duk sauran ire-iren. Ɓangaren da ya kwashi bakwai cikin 13 ya fara samun maki. Ku da kuka taɓa yi, ina aka fi tuntuɓe?

Ɗan Garko: Wa alaikumus salam, Yaya. Mu matsalarmu hannun Whot ne. Mutum ya saba da gaggawar zubar da katinsa, sai ya manta nan ba a tseren ƙarewa. Ina da aboki, na jefa K na jar zuciya, na ukun ya bi da ƙarami, zagayen ya riga ya zama namu, sai gogan naka ya maka A a kai yana dariya. Manya biyu sun tafi a ci ɗaya! Ga 3 a hannunsa fa.

Malamin Firamare: Abin da na lura da shi a Gumel, wurin zamanka shi ke faɗa maka abin da za ka jefa. In kai ne na biyu, yawanci sa ƙarami, ai abokinka ne zai rufe. In kai ne na uku, ɗaga babba, don na huɗu ya sha wuya kafin ya karɓe. Sannan irin da abokinka ya fara buɗewa da shi, in hannu ya dawo gare ka, mayar masa. Da katin yake yi maka magana.

Baban Hajara: Malam, da kati kawai? A majalisarmu har da tari da sosa kunne. Sai da muka kafa doka, wanda aka kama yana ƙifta ido shi zai sayi rake.

Ɗan Garko: Baba, ai wannan da sauƙi. Wanda ya yanka alhali yana da irin da aka jefa, shi ke kawo rigima. Bayan zagaye biyu sai ga katin ya fito daga hannunsa. Mu ci uku muke ƙwacewa.

Na Dambatta: Ni ƙirga masu yanka ne ya gyara mini wasa. 13 ne kacal. In ina da biyar, takwas na waje. Na buɗe da su sau biyu kowa ya bi, shida sun faɗi daga hannunsu, saura biyu. Da zarar sun ƙare, ko 4 na jefa daga irin da babu mai sauransa a hannu, ci ne.

Na Ringim: To in abokina ne yake riƙe da biyun fa? Ba nasa nake ƙonawa ba?

Na Dambatta: Shi ya sa a karo na uku nake dakatawa in duba me ya jefa a baya. In ya bi da 9 sannan Q, mai yiwuwa ya kusa ƙarewa, sai in ci gaba.